Yaya zan gane sunan madabod ɗin tsohuwar kwamfuta?

Bakatsine: Assalamu alaikum. An kawo mini tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 7, zan ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta. Ta ina zan gane sunan madabod ɗinta, wato babban allon da ake jona sauran kayan ciki a kansa?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. In tana tashi, buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta wmic baseboard get manufacturer,product. Idan ta nuna "To be filled by O.E.M.", kamfanin ne bai saka sunan ba.

Injiniya: To, sai ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin, ka kakkaɓe ƙura. Galibi sunan yana rubuce a kan madabod ɗin da fararen haruffa kusa da ramukan PCI, wato dogayen ramukan da ake soka ƙarin kati. Malam, karanta shi kaf: misali, madabod GA-G41M-ES2L tana ɗaukar RAM nau'in DDR2, GA-G41MT-S2 kuwa DDR3. Tsagar da ke jikin DDR2 da ta DDR3 ba ɗaya ba ce, kada ka danna RAM ɗin da ƙarfi.