Wa ya kashe wa? Yadda aka kwashe a zauren tsofaffin kwamfutoci

Baban Ilham: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Maƙwabcina a kasuwa ya karya farashin laftof ƙasa da kuɗin sari, don kawai ya kwashe min masu saye. Irin abin da Jack Tramiel, shugaban kamfanin Commodore, ya yi ke nan a Amurka. Ya fito da kwamfutar Commodore 64 a 1982 kan dala 595, shekara na zagayowa ya mayar da ita wajen dala 200, ya kashe kamfanin Texas Instruments. Karya farashi zalunci ne, ba gasa ba.

Injiniya Sada: Alhaji, "kashe" fa ka ce? Texas Instruments tana nan da ranta, har gobe tana ƙera kalkuleta. Kwamfutar gida kawai ta daina yi a Oktoban 1983. Commodore ɗin ce ma ta durƙushe a 1994.

Baban Ilham: To wanda ya tafka asarar sama da dala miliyan 100 cikin wata uku, sau biyu a jere, ya tattara komatsansa ya bar layin, me ya same shi?

Injiniya Sada: Jinya ya yi. Ba a kai ga jana'iza ba.

Malama Hadiza: Injiniya, in Bahaushe ya ce an kashe wa mutum kasuwa, ai ba likkafani yake nufi ba.

Injiniya Sada: Malama, koma sama ki duba. Bai ce kasuwa ba, kamfanin ya ce.

Ɗan Maraɗi: Kai Alhaji, wa ma ya fara tsokana? Wajen 1975 Texas Instruments ce ta karya farashin kalkuleta har ta kusa rufe Commodore, alhali a wurinta Commodore ke sayen kayan haɗi. Shi ya sa Tramiel ya sayi masana'antar MOS Technology a 1976, ya riƙa ƙera ƙwaƙwalwar na'urarsa da kansa. Ko ya rage kuɗi yana da riba. Su kuwa Texas Instruments, kwamfutarsu TI-99/4A da suka fito da ita kan dala 525 sai da ta koma dala 99, kowace ɗaya suka sayar asara ce. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Baban Ilham: Wato maƙwabcina ma gaskiya gare shi?

Ɗan Maraɗi: Shi ma masana'anta gare shi?

Auwal Ƙarami: Duk ku bar wannan. Kawuna ya zo da kwamfutar ZX Spectrum daga Ingila, fam 125 kacal, kuma ta fi Commodore nesa ba kusa ba.

Injiniya Sada: Mai madannan roba kamar gogen fensir? Yaro, ka taɓa jin sautin Commodore 64 kuwa?

Auwal Ƙarami: Na kalli bidiyo a YouTube, an gwada su.

Injiniya Sada: An haife ka ma a lokacin?

Auwal Ƙarami: Yaya Sada, kai ma ai ba ka taɓa zuwa Amurka ba.

Malama Hadiza: Ni abin da ya ba ni dariya, a 1983 Commodore ta ce duk wanda ya kawo tsohuwar kwamfuta za a mayar masa da dala 100 in ya sayi tata. Sai mutane suka riƙa sayen kwamfutar Timex Sinclair 1000 da farashinta ya faɗi warwas, suna aika musu sabuwa fil. A farkon 1984 Timex ta bar kasuwar.

Baban Ilham: Kun ji ko? An kashe ta biyu.

Injiniya Sada: Timex tana nan tana yin agogo.

Baban Ilham: Wallahi Injiniya da kai za a haɗa baki da maƙwabcina.

Shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa Tramiel gwarzo ne da ya kai kwamfuta gidan talaka, Texas Instruments ita ta jawo wa kanta, kuma Spectrum abin wasan yara ce. Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. An rufe.

Auwal Ƙarami: Ranka ya daɗe, ittifaƙi da wa? Hoton Commodore 64 ne fa a fuskar zauren nan.

Baban Ilham: Ni dai har yanzu ba wanda ya ce min komai kan maƙwabcina.