Neman shawara: zan iya haɗa karatun harhaɗa magunguna da na kasuwanci a lokaci guda?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala karatun harhaɗa magunguna na shekara shida a Jami'ar Bayero, na yi shekarar horon sanin makamar aiki, yanzu kuma saura wata biyu in gama bautar ƙasa. Mahaifina ya fi shekara talatin yana sarin magani a Sabon Garin Kano kafin a tashi masu sarin magani zuwa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a farkon 2024, kuma tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ƙanensa ne yake riƙe da shagon. Ranar da na shiga duba kaya, na tarar da katan uku na maganin ruwa na yara da wa'adinsu ya ƙare tun wata huɗu, an tura su can ƙuryar kanta, an jere sababbi a gabansu. Littafin bashin kuwa, wanda aka ɗaure da roba don bangonsa ya rabu, cike yake da rubutu irin su "mai kemis na Gezawa", babu lambar waya, babu ranar biya. Da na yi magana, sai Baffa ya yi dariya ya ce mu 'yan boko mun san sunan magani amma ba mu san kuɗinsa ba. Maganar nan ta hana ni barci.

Na ga wasu jami'o'in Amurka suna haɗa PharmD, wato digirin harhaɗa magunguna, da MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, a tsari ɗaya, ɗalibi ya fito da shaida biyu. Ni na riga na wuce wannan gaɓar, don haka nake tunanin in yi digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna na asibiti, in kuma haɗa da MBA a makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero. Shin akwai wanda ya taɓa yin haka?

Tsohon Famasist: Wa alaikumus salam. Ɗana, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba: Baffanka bai yi ƙarya ba. Na shekara ashirin da bakwai da kantin magani, ban taɓa zama ajin kasuwanci ba, kuma abin da ka gani a bayan kantar nan ba ya bukatar digiri. Ka jera kaya ta yadda wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita, ka ƙidaya kaya duk ƙarshen wata, ka hana bashin da ya wuce kwana talatin. Kuɗin da za ka kai makaranta, ka zuba shi a jari. Lasisinka na PCN, hukumar da ke kula da sana'ar harhaɗa magunguna a Najeriya, shi ne dukiyar da babu wanda yake da ita a gidanku, kuma da shi za ka zama mai kula da shagon a hukumance.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, ni na yi MBA ina aiki a wani asibitin gwamnati, shekara biyu ina barin yara wurin kakarsu duk Juma'a da Asabar. Da lokacin ƙarin girma ya zo, sai aka ce mini takardar ba ta cikin layin aikina, aka ba wadda ta zo bayana da shekara uku. Har yau idan na ga kwalin a cikin akwati raina yana ɓaci. Idan asibiti kake so, ka riƙe na harhaɗa magungunan kaɗai.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode, Yaya. Sai dai ina ganin ba a fahimce ni ba. Jera kaya na iya shi tun ina aji huɗu. Abin da ban iya ba shi ne yadda ake sa farashi yayin da dala take hawa, domin tun da aka saki naira a 2023 muna sayar da kaya da riba a takarda, amma idan aka koma sari kuɗin ba ya sayen rabin abin da ya fita. Na asibitin kuma ba zan iya barinsa ba, saboda shi ne burina tun ina sakandare.

Ɗan Fagge: Ni ina bayan mai tambaya. Na yi shekara shida ina tallar magani wa wani kamfani, ina zaga asibitoci da jaka, kuma duk wanda aka ɗora a kanmu mai MBA ne, har da wanda bai san bambancin maganin hawan jini da na suga ba. Ku duba kuma yadda kasuwar take juyawa: kamfanin magunguna na Birtaniya, GSK, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya ya koma amfani da dillalai, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta fitar da umarnin cire haraji a kan kayan da ake haɗa magani da su a cikin gida. Wanda zai ci moriyar wannan shi ne wanda zai iya rubuta tsarin kasuwanci ya zauna da banki. Ni an sallame ni ba tare da ko sisin sallama ba, ranar na gane abin da na rasa.

Tsohon Famasist: Ɗan Fagge, waɗanda suka gina kasuwar magani ta Kano har ake zuwa sari daga Nijar da Chadi, a wane aji suka zauna? Farashi kuwa, ɗana, amsarsa jimla ɗaya ce: ka sa shi a kan kuɗin da za ka sayo kayan gobe, ba wanda ka sayo su jiya ba. Na ba ka wannan kyauta. Sannan ka sani cewa mai kula da shago a dokance zama yake yi a wurin, ba ya rataya lasisi a bango ya tafi aji, kuma masu yin hakan su ne suka zubar mana da mutuncin sana'a.

Malama daga Kabuga: Kafin a yi nisa, akwai tambayoyin da ba ka amsa ba. Wa zai biya kuɗin karatu biyu, shagon ko kai? Mahaifinka ya amince ka karɓi shagon, ko kuwa kai ne kake fata? Sannan abin da ka gani na Amurka tsari ne guda da aka tsara tun farko, ana ƙirga wasu darussan a ɓangarorin biyu don a rage lokaci. Naka kuwa rajista biyu ce daban, da jarrabawa biyu da bincike biyu, kuma jami'o'i da dama ba sa barin ɗalibi ya yi rajistar digiri biyu a lokaci ɗaya. Ka je makarantar digiri na gaba ka nemi dokar a rubuce. Idan ya zama dole, Jami'ar Ahmadu Bello tana da MBA ta karatu daga nesa, wadda za ka iya yi daga baya kana zaune a shago.

Mai tambaya: Malama, maganar kuɗi za a san yadda za a yi, in sha Allahu. Batun Baffa kuma magana ce ta cikin gida, ba zan so in buɗe ta a nan ba. Karatu daga nesa bai kwanta mini ba, don ni na fi gane abu idan ina gaban malami. Na ma riga na sayi fom ɗin ɗaya tun makon jiya.

Tsohon Famasist: To, da ka faɗa tun farko ai da ba mu wahalar da yatsunmu ba. Wanne daga ciki ka saya?

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ba mahaifinka lafiya. Katan ukun nan dai, ina fatan ba su koma kan kanta ba.