Mu ƙarasa tattakin zuwa Tarkwa Bay ko mu yanke a Ibeshe?

Sadiku Idi-Araba: Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokaina biyu mun ɗauki hutun aiki muka fito tattaki a bakin teku, daga Badagry zuwa Legas a ƙafa. Mun tsallaka Gberefu da kwale-kwale, muka ga inda ake loda bayi a jiragen Turawa, sannan muka miƙa gabas, teku a dama, itatuwan kwakwa a hagu. Inda dare ya yi nan muke neman masauki wajen masunta. Yanzu muna daf da Ibeshe. Tun farko niyyarmu mu ƙare a gindin tsohuwar hasumiyar fitilar jirage ta Tarkwa Bay. Sai dai ƙafar ɗayanmu ta ɗuri ruwa har ta fashe, yashi na shiga ciwon, guzuri ya yi ƙasa, kuma Litinin dole mu koma aiki. Wanda ya taɓa bin wannan yankin a ƙafa, hanya a buɗe take har can? Nawa ne jirgi daga Tarkwa Bay zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas? Ko mu haƙura mu hau jirgi a nan?

Ɗan Borno Alaba Rago: Wa alaikumus salam. Idan teku kuke son gani ku je Elegushi ranar Lahadi mana, mota har bakin ƙofa, ga doki ga suya.

Hajiya Ummi Agege: Sadiku, iyayenku sun san kuna can? Ku dafa ruwa ku sa gishiri ya wanke ƙafar, a naɗe da tsumma mai tsabta, kada ya ƙara taka ruwan teku da ita. Jirgi kuwa dubu uku na biya lokacin da na kai yara.

Auwalu Obalende: Dubu uku a wace shekara, Hajiya? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu wannan farashin. Ni dubu bakwai aka karɓa a hannuna, zuwa kawai, ban da kuɗin shiga.

Baba Ilu Apapa: Yarana, ku saurare ni. Ba kuɗin jirgi ne abin tsoro ba, mai jirgin ne. Na taɓa kai kayan shago ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na bayan Apapa, ni da ɗan ƙanena. Muka makara, sai bayan la'asar sakaliya muka samu wani mai jirgi. Muka yi ciniki, ya karɓi kuɗinsa cif. Na tambayi rigar ruwa, ya ce tana ƙarƙashin benci. Babu ko ɗaya. Da muka kai tsakiyar ruwa, inda ba ka hango komai sai bishiyoyin nan masu saiwa a cikin ruwa, sai ya kashe inji. Ya ce mai ya ƙare, sai mun ƙara ninkin abin da muka biya. Ga jarkar mai ina kallonta a bayansa. Na ce ba ni da shi. Ya ce, “Aboki, to ka yi iyo.” Yaron nan daga Gumel ya zo, bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ya rirriƙe ni yana salati jikinsa na rawa. Magariba ta faɗa muna nan, wani babban jirgi ya wuce igiyarsa ta watso mana ruwa har cikin buhunan sukari. Sai da na zazzage aljihuna, na haɗa da agogo da waya, sannan mai ya dawo cikin injin. Bai kai mu inda muka yi da shi ba, a wani taɓo ya sauke mu. Sauran fasinjoji huɗu babu wanda ya ce uffan, don su bai tambaye su ko kwabo ba. Wannan shirun nasu ya fi asarar ci mini rai. Yaron ya koma gida a satin, har yau bai sake taka Ikko ba.

Hajiya Ummi Agege: Innalillahi. Allah ya isar maka, Baba.

Malam Nura Mile 12: Amin. Ku tuna hatsarin daren jajibirin babbar salla na Yulin 2022, jirgin da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe ɗin nan ne ya kife, mutane da yawa suka rasu. Cikin dare ya tashi. Ko ina za ku hau, ku hau da rana tsaka, a tashar da ake ba kowa rigar ruwa. Sannan ina fata ba kasaru kuke yi ba, don daga Badagry zuwa nan bai kai mil 48 da malamanmu suka ƙayyade ba.

Auwalu Obalende: Baba Ilu, da girmamawa, jirgin ƙauye daban, na masu yawon shaƙatawa daban. Kai kaya ka kai, su tafiya suke tambaya.

Baba Ilu Apapa: Ruwan daban ne? Tun ba a haife ka ba nake Marine Beach.

Bazazzagi Na Ijora: Sadiku Bakano ne ko? To ku bar wahalar da kanku, kuɗin mota yake gudu. Da teku na da ƙofa da tuni ya kafa tebur yana sayar da yashin 😂

Sadiku Idi-Araba: Bazazzagi dai ba ya rasa magana. Mun gode Hajiya, an wanke ƙafar. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ko hanyar a buɗe take.

Kabiru Mai Kifi: Ni na bi wani ɓangarenta, don ina sarin kifi wajen masunta 'yan ƙabilar Egun da ke jan taru a can. Ku fita da asuba, ku duba lokacin da ruwa ya janye, ku bi jiƙaƙƙen yashi, ya fi tauri, busasshen ne ke cin ƙafa. Kada kowa ya shiga wanka, ruwan yana ja ta ƙasa ko da samansa a kwance yake. Ku cika gorunanku, akwai tazarar da ba rijiya ba shago. Amma gaskiya mai ciwon ku sa shi a jirgi, ku biyun ku ƙarasa. A zuwana na ƙarshe jirgi dubu biyar ne in an jira ya cika, shata kuwa sai abin da kuka daidaita.

Hajiya Ummi Agege: A raba su? Tare suka fito, tare za su koma. Wa zai riƙe shi a hanya?

Malam Nura Mile 12: Kabiru, yaushe rabonka da can? A Janairun 2020 an tashi mazauna Tarkwa Bay, aka ce saboda masu fasa bututun mai. Baƙo uku da jakunkuna a baya suna fitowa daga wannan gefen, dole a tsayar da su. Ku riƙe katin shaida a kusa.

Ɗan Borno Alaba Rago: Ai bakin tekun ma gaba ɗaya ya fi ƙarfin talaka. Da can Bar Beach kyauta ne, ranar salla daga Obalende a ƙafa muke zuwa da yara, a ci gyaɗa a sha iska. Aka cike wurin aka gina Eko Atlantic. Yanzu duk inda ka nufa a Lekki akwai ƙofa da mai tikiti, wasu har ruwan shan da ka zo da shi sai ka biya masa.

Auwalu Obalende: Ga kuma titin Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, wajen kilomita 700, an rushe rumfuna da yawa a gefen Oniru. Manya suna da bakin magana. Masu shayi da masu jan doki da ke cin abinci a wurin fa, wa ya tambayi inda suka koma?

Baba Ilu Apapa: Biyu daga cikinsu suna kwana a barandar shagona yanzu haka. Ɗaya ya sayar da dokin, ya sayi baro yana dako a kasuwa. Wanda ya san inda ake neman mai gadi ya yi mini magana.