Aikin sito a Amurka na masu kwana cikin mota, gaskiya ne ko cuta?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina son wanda ya san zancen nan ya hidda ni cikin duhu. Ƙanena ya ga bidiyo a Facebook na wasu turawa a Amurka da ke zama cikin manyan motoci masu gado da wurin dahuwa da makewayi, suna yawo gari gari, in ƙarshen shekara ta zo su shiga aikin sito su kwashi kuɗi su ƙara gaba. To yanzu wani mutum nan Tahoua ya ce mishi zai iya sama mishi wannan aikin har da mota, ya kawo miliyan ɗaya da rabi na takardu. Yaron har ya hwara zancen saida filin da baba ya bar muna. Ni hankalina bai kwanta ba wallahi.

Malam na Yamai:
Wa alaikumus salam. Aikin an yi shi da gaske, amma ba yadda aka gaya ma ƙanenka ba. Kamfanin Amazon ne ya shahara da shi, sun buɗe wani shiri mai suna CamperForce a 2008, suna ɗaukar masu irin waɗannan motoci daga wajen watan Oktoba har gab da Kirsimeti, lokacin da saye da sayarwa ta intanet ke yawa sosai. A lokacin akwai sito a Campbellsville jihar Kentaki, akwai na Fernley a Nebada. A cikin shirin, kamfanin shi ke biyan kuɗin filin da za ka ajiye motarka ka jona wuta da ruwa, wanda ya jure har ƙarshe a ƙara mishi wani abu bisa albashi. Motar kuwa taka ce, da ita kake zuwa, ba wanda ke raba ma mutane mota. Kuma a 2022 suka rufe shirin ma.

Abin da bidiyo ba ya nunawa, da yawansu tsohhi ne, masu shekara 60 har 70, wasu rikicin kuɗi na 2008 ne ya ci gidajensu, wasu kuɗin ritaya bai isa haya, sai suka koma mota. Awa 10 mutum na tsaye bisa siminti, na'ura a hannu tana gaya mishi inda kaya suke kuma tana ƙirga saurinshi, ya duƙa ya miƙe ya hau bene ya sauka, da dare ya koma mota cikin sanyin Disamba wanda ruwa ke daskarewa cikin tiyo. Wasu kafin sito sai sun yi girbin wata saiwa da ake yin sukari da ita a Dakota ta Arewa, in Janairu ta yi su gangara Quartzsite a hamadar Arizona don gudun sanyi. Duk waɗannan mutane ne masu izinin aiki a ƙasar. Wanda ba shi da wannan takarda ko ƙofar sito ba zai wuce ba.

Direban Ƙonni:
Ɗan uwa kar ku saida filin nan don girman Allah. Ni da na karanta bayanin Malam sai na ga ai cin rani ne kawai irin namu, mu ma da an gama girbin hatsi samari sun ɗau jaka sai Abijan ko Kano ko Libiya, damina ta kusa su dawo su riƙe hauya. Bambanci ɗaya, namu ɗan cin rani yana da gida da gona da zai koma, su kuwa motar ita ce gidan duka, in inji ya lalace ka rasa abin hawa ka rasa ɗaki rana guda.

Hajiya mai albasa:
Ɗana in aikin ɗan lokaci yake so ai ga shi ƙofar gida. Ya zo Galmi lokacin cirar albasa wajen Maris da Afrilu ya gani, ana neman hannu ko ina, masu yanke ganye, masu zaɓe ruɓaɓɓa, masu ɗurawa a buhu su ɗinke baki, masu jerawa cikin rudu wurin ajiyar albasa, ga 'yan dako na loda kamiyo mai tahiya Gana da Kodebuwa har tsakar dare. Da wuya kam, rana na dukan ka baya na ciwo, amma ana biyan ka a hannu kuma ba ka ba kowa ko dala kafin ka hwara. Shi mutumin nan ku tambaye shi sunan kamfanin da takardar kwantiragi, ku ga yadda zai yi ta kwana kwana.

Ɗan Ader:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Malam zan nuna mishi bayaninka yau da dare gaban inna, don ita kaɗai yake jin maganarta. Hajiya don Allah ki rubuto min ta ciki, in da wanda kika sani yana neman yara bana zan kawo shi da kaina.