Bindigar feshi tana tofi, kiliya kuma tana fitowa da gurji-gurji

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu a sana'a. Bindigata ta feshin fentin mota irin HVLP ce (mai shan iska da yawa amma da ƙarancin matsi), mai kofi a sama, nozul, wato bakin da fenti ke fita, milimita 1.4. Kwamfuresa mai lita 50 ce, ƙarfin doki biyu, tiyo kuma mita 10. Feshin yana tsinkewa yana tofi, ya fi nauyi a gefe ɗaya, kiliya kuma, wato shafin ƙarshe mai sa ƙyalli, in ta bushe sai ta fito kamar ɓawon lemo. Bindigar ce ta mutu in sayi wata, ko da gyara?

Oga Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, riƙe kuɗinka tukuna. Manna takarda a bango, ka tsaya santimita 15 zuwa 20, ka ja kunama gaba ɗaya ka saki nan take. Lafiyayyar bindiga doguwar shaida take bari, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa.

Tofi iska ce ke kutsawa hanyar fenti. Fara da ƙaramin hujin murfin kofi, don fenti na yawan bushewa a ciki, kuma in ya toshe fentin ba zai sauka daidai ba. Sai nozul: in bai ɗauru sosai ba, ko akwai busasshen fenti a mazauninsa, iska za ta shiga. Ɗaure shi da sifanar da ta zo da bindigar, ba da filaya ba. In bai daina ba, duba ɗan goron da allura ke ratsawa a gaban kunama. Ƙara masa ɗauri kaɗan-kaɗan, amma kada ya kai allurar ta kasa komawa da kanta. Kofin da fenti ya kusa ƙarewa ma yana sa tofi in ka karkata hannu.

Nauyi a gefe ɗaya kuwa, juya hular iska, wato murfin gaba mai ƙaho biyu da ke rufe nozul, rabin zagaye ka sake gwadawa. In nauyin ya koma ɗaya gefen, hujin ƙahon hular ne ya toshe, wanki kawai take so. In bai motsa ba, bakin nozul ne ya yi datti ko ya ci, ko kuma kan allura ya lanƙwashe. Allura da nozul da hula tare ake canza su, ba a haɗa sabo da tsoho.

Baba Injiniya:
Oga ya gama da bindiga, amma ni kwamfuresar nake tuhuma. Yawancin bindigogin HVLP suna shan iska lita 350 zuwa sama da 400 a minti ɗaya. Kwamfuresa mai doki biyu da ƙyar take ba da rabin haka. Da ka ja kunama tankin lita 50 zai zube, ƙarfin iska ya faɗi kana tsakiyar ƙofa, fenti ya daina farfashewa ya riƙa sauka da manyan ɗigo. Gurjin da kake gani ke nan. Kwamfuresar taka za ta iya feshin bamba ko madubi. Don mota sukutum kuwa, ko dai ka nemi babbar kwamfuresa, ko ka koma bindigar LVLP wadda ba ta da cin iska.

Kada ka yarda da gejin awon ƙarfin iska na jikin tanki. Sa ƙaramin geji a gindin bindiga, ka saita bar 2 kana riƙe da kunama iska na fita. Siririn tiyo yana cinye ƙarfi a hanya, nemi mai faɗin ciki milimita 9 ko 10.

Sai ruwa. Iska tana fita daga kwamfuresa da zafi, a cikin tiyo take hucewa ta zubar da ruwa, shi ya sa matarar ruwan da aka ɗaura a bakin tanki ba ta kama komai sosai. Matsar da ita nesa, ka ƙara ƙarama a gindin bindiga. Buɗe bawul ɗin ƙasan tanki kullum bayan an tashi aiki, da damina har da rana. In ka ga ƙananan ramuka a fenti, mai ne daga kwamfuresa, ko silikon na man goge dashbod da wani ya fesa kusa da wurin.

Malam Na Gareji:
Mutane da dama in sun ga gurji sai su yi ta tuttula tina, ruwan tsinka fenti. Eh, fentin zai kwanta, amma zai tsiyaya, kuma ƙyallin zai dushe bayan ya bushe. Kiliya 2K, wato wadda ake haɗawa da hadina mai sa ta ƙafe ta yi tauri, da yawa biyu da ɗaya ne: kashi biyu kiliya, kashi ɗaya hadina, tina kuma kamar goma bisa ɗari. Amma akwai mai huɗu da ɗaya, saboda haka karanta jikin gwangwani, ka auna da kofin awo. Tace haɗin da matata mai maikiron 190 kafin ya shiga kofi.

Zafi ma yana da hannu. Awon kamfani na digiri 20 ne, mu kuwa da bazara inuwa ma tana kai 40. Tina mai saurin bushewa tana tashi tun fenti bai isa jikin mota ba, sai ya sauka a bushe. Sayi tina da hadina masu jinkiri, ka yi feshi da sassafe ƙarfe bai ɗau zafi ba. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Hannu kuma ya tafi a miƙe yana bin jikin mota, kada a riƙa kaɗa wuyan hannu. Kowane layi ya hau rabin na baya. Tsakanin shafi da shafi a jira minti 5 zuwa 10.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Hujin hula ne kuwa, da na juya ta nauyin ya koma. Oga, zan iya fesa firama, shafin farko kafin kala, da bindigar? Kuma in jiƙa ta a tina ta kwana?

Oga Mai Fenti:
Firama mai kauri nozul 1.7 zuwa 2.0 take so. Sayi bindiga mai araha ka ware mata, wannan ka bar ta wa kala da kiliya.

Kwana a tina kuma a'a. Yana cinye robobin ciki, ya wanke man allura, ya kai datti hanyoyin iska. Da ka gama, juye ragowar, domin fenti mai hadina in ya daskare a ciki tina ba ta narkar da shi. Zuba tina kaɗan ka girgiza ka fesa har ta fito fes. Cire hula, zare allura ta baya, sannan ka kwance nozul. In ka kwance shi allura na zaune a ciki za su goge juna. Hula da nozul kaɗai ake jiƙawa. Hujin a bi shi da buroshi mai laushi ko tsinken sakace, ban da waya, don da ya buɗe ko kaɗan feshin ya karkace ke nan. Wajen mayarwa nozul ne farko, sai allura, da ɗigon man bindiga marar silikon.

Ka kuma kula da ƙirjinka. Hadinar 2K tana ɗauke da sinadarin isosayanet mai jawo asma, ƙyalle ko takunkumin ƙura ba sa tare shi. Mafi inganci shi ne takunkumin da ake turo wa iska ta tiyo. In babu, aƙalla mai gwangwanin gawayi biyu wanda ya kama fuska sosai, a riƙa canza gwangwanayen, a kuma ajiye shi cikin leda a ɗaure bayan aiki.