Intakular motata ta ƙi rabuwa da baƙin mai, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na cire intakular motata ta alminiyom, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo (na'urar da ke ƙara wa inji iska) yake turowa, saboda turbon ya zubo mata baƙin mai. Na gyara turbon, na jiƙa cikinta da kananzir, na girgiza, na zubar, amma har yanzu in na karkata ta sai wani baƙin maiƙo mai kauri ya gangaro bakin bututun. Wani ya ce in sa soda, na ƙi, don soda cin alminiyom take yi.

Ta waje kuma, wani farin gari ya manne tsakanin siraran ganyayyakin alminiyom da ke jikinta, wasu sun lanƙwashe. Ina tsoron feshin ruwa mai ƙarfi ya ƙarasa su. Don Allah da me zan wanke ta, kuma yaya zan tabbatar ta bushe sarai kafin in mayar?