Sabon manajan aiki a masana'antar kayan lantarki: me yake samu a hannun na gaba da shi?

Injiniya Na-Bompai: Salamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a harkar haɗa inbata, stabilaiza da fitilun sola a Sharada, Challawa da nan Bompai. Yara biyu za su shigo da digiri iri ɗaya. Bayan shekara biyu ɗaya yana riƙe da ayyuka uku, ɗayan har yanzu sai an bi bayansa. In ka duba, galibi bambancin yana ga wanda ya raine su. To me na gaban yake koyarwa takamaimai?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Injiniya. Lissafin lokaci ne na farko. Sabon hannu yana tsara jadawali daga ranar da aka ba shi aiki ya yi gaba. Gogagge kuwa daga ranar miƙa kaya yake farawa ya dawo baya, yana neman abin da ya fi jinkirin isowa. Fanel ɗaya, wato allon da ake dasa ƙananan kayan lantarki a kai, na iya ɗaukar kaya sama da kala ɗari. Rasista da kafasita ana samu, IC (ɗan guntun nan da ake kira chip) ƙwaya ɗaya ce za ta tsayar da layin haɗa kaya gaba ɗaya. A ƙarancin IC na 2021 akwai waɗanda sai an jira shekara guda. Ga buɗe Form M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, kafin kaya su taso, ga SONCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, in ta shafi kayan, ga teku, ga kwastam a Apapa, ga mota zuwa Kano. Sannan hutun sabuwar shekarar Sin, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu: masana'antun Shenzhen suna rufewa, ko an buɗe ma ma'aikata ba sa dawowa rana ɗaya. Mai raino na gari tun Nuwamba zai ce wa yaronsa, kawo jerin odarka mu gani.

Maman Sadiq: Ni ta ɓangaren duba inganci zan yi magana. Yanayin Kano kansa darasi ne. Da hunturu iska ta bushe, lantarkin da ke taruwa a jikin mutum yana ƙaruwa. Ma'aikaci ya taɓa IC ba igiyar hannu mai sauke lantarkin jiki, fanel ya wuce gwaji lafiya ƙalau, bayan wata biyu ya dawo daga hannun kwastoma a mace. Manajan da aka raina da kyau yana sa gwajin igiyoyin nan kowace safiya cikin tsarin aiki. Da damina kuma laima ce. IC mai alamar MSL 3 (matakin jin laimarta), da an farke ledarta awa 168 gare ta kafin a liƙa ta a fanel. In ta wuce sai an gasa ta, yawanci a digiri 125, in ba haka ba ta tsage daga ciki a tandar narka dalma. Kwaɓaɓɓiyar dalma a firij take zama, amma a fito da ita kamar awa huɗu kafin a buɗe murfin, kada raɓa ta shiga. Jadawalin da bai bar wa awa huɗun nan wuri ba, safiyar ta tafi a banza.

Malam Na-Challawa: Hajiya, duk gaskiya ne, amma wannan ko tsohon ma'aikacin layi zai faɗa masa. Abin da sai mai raino shi ne sakin igiya a hankali. Watan farko yaro ya bi shi duk mitin, ya rubuta abin da aka yanke. Daga nan a ba shi gwajin samfuri, fanel 30 zuwa 50, shi zai yi magana da sito da masu sayo wa kamfani kaya da layi, ogan yana zaune bai ce uffan ba sai an fita. Mako-mako a zauna minti talatin kan abu uku: me ya makale, wa ake jira, wace shawara ka yanke kai kaɗai. Inda abin ke lalacewa shi ne a mai da yaro ɗan aike, ko kuma wanda ke rainonsa ya zama shi ke ba shi maki a ƙarshen shekara. Ba mai kai kuskurensa gaban wanda ke riƙe da ƙarin albashinsa. Ɓoyewa zai yi har kwantena ta iso.

Baban Ummi: Wannan na ƙarshen sai babban kamfani, Malam. Inda injiniyoyi huɗu ne kacal, wa za a ba shi in ba ogansa ba?

Malam Na-Challawa: Sai a haɗa shi da shugaban wani sashe, ko da na sito ne.

Maman Sadiq: Ga misalin shawarar da ake so yaro ya koyi tsayawa a kai. Kafasita mai jure zafin digiri 105 ta ƙare, mai sayo kaya ya ce ga ta 85 a Sabon Gari, girma ɗaya, ta fi araha. Fanel zai yi aiki, ba musu. Amma ƙa'idar irin waɗannan kafasita, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu, ga kuma cikin inbata a zafin Afrilu. Wanda ba a raina ba zai ce a sa don kada layi ya tsaya. Wanda aka raina zai ce sai da takardar canji mai sa hannun injiniya, a kuma rubuta lambar fanel ɗin da canjin ya fara daga kansa, don in kaya suka fara dawowa a san rukunin da za a bi.

Injiniya Na-Bompai: Batun ci gaban yaron fa?

Malam Na-Challawa: Nan ake gane mai raino da mai tara yara. Takardar PMP, shaidar ƙwarewa a jagorancin aiki, tana neman mai digiri ya nuna wata 36 yana jagorantar aiki, da awa 35 na horo. In duk takardun sunan oga ne a kai, yaro ya yi shekara biyar ba shi da abin cikewa a fom. Don haka tun gwajin fanel 50 ɗin nan a sa sunansa a matsayin mai riƙe da aikin, kuma ranar kai rahoto gaban masu kamfani shi zai miƙe ya yi bayani, ko da muryarsa na rawa.